Yadda Ake Tsarawa, Adanawa da Raba Bayanan Binciken Ƙananan Halittu

A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji da ke Jaji, cikin ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, kuma wannan ne karon farko da aka tabbatar da ita a nahiyar Afirka. An kai samfurin wani ɗakin gwaje-gwaje da ke yankin Padova a ƙasar Italiya, inda masaniyar ƙwayoyin cuta Ilaria Capua da abokan aikinta suka karanta jerin gadon ƙwayar cutar. Da aka nemi ta saka sakamakon a wani rumbun bayanai mai kalmar sirri, wanda ɗakunan bincike 'yan ƙalilan ne kawai ke iya shigarsa, sai ta ƙi, ta saka shi a GenBank, rumbun jerin gado na Amurka, inda kowa zai iya ɗauka kyauta. Muhawarar da ta biyo baya tana cikin abubuwan da suka haifar da rumbun GISAID, wanda ya fara aiki a 2008, kuma shi ne duniya ta fi dogara da shi wajen bin sawun sauye-sauyen cutar korona.

Har yau jihar Kaduna ba ta rasa masu aikin ƙananan halittu ba. Akwai su a Jami'ar Ahmadu Bello da asibitinta na koyarwa da ke Shika, da Jami'ar Jihar Kaduna da asibitin Barau Dikko, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da Cibiyar Binciken Cutar Barci. Kowace shekara ana gwada ruwan rijiya da na leda, da fura da nono, da tsire, da fitsarin masu juna biyu, da jinin shanu. Abin da ya zama ruwan dare a fagen nan, a gida da waje, shi ne cewa ƙarshen aikin kundi ne mai bango da 'yan jadawalai na kashi cikin ɗari, su kuma ainihin alƙaluman da aka gina jadawalan a kansu sun bi ɗalibi sun tafi. Idan bayan shekara biyu malamin da ya duba aikin ya kira, amsar da ya saba ji ita ce: "Wallahi Malam, kwamfutar da na yi aikin da ita ta lalace tun ina bautar ƙasa."

Wani nazari da aka buga a 2014, wanda ya bi diddigin takardun bincike 516 na fannin ilimin halittu, ya gano cewa yiwuwar samun bayanan asali na takarda tana raguwa da kimanin kashi 17 cikin ɗari a kowace shekara bayan bugawa. Mutane da yawa suna ɗaukar raba bayanai a matsayin aikin ranar ƙarshe, wato ranar da mujalla ta ce sai an kawo lambar rumbu. A ganina wannan fahimtar ce tushen matsalar, domin abin da ba a rubuta ba ranar ɗaukar samfur babu manhajar da za ta dawo da shi. Tun ran gini, tun ran zane.

Kafin a taɓa samfur

A fara da rubuta shiri na shafi ɗaya ko biyu da zai amsa tambayoyi kaɗan: wane irin bayani aikin zai samar, wa zai rubuta shi, a ina za a ajiye, wa ke da izinin gani, a wane rumbu za a saka shi, kuma yaushe. Masu ba da kuɗin bincike na waje sun riga sun mai da wannan sharaɗi; cibiyoyin lafiya na NIH a Amurka, alal misali, sun wajabta shi tun 25 ga Janairun 2023. Amma ko aikin da ɗalibi ke yi da kuɗin aljihun mahaifinsa yana bukatar shirin, domin a nan ne ake yanke maganar da ke haddasa saɓani daga baya, wato sunayen waɗanda za su fito a takarda, da wanda zai riƙe ƙwayoyin da aka ware idan ɗalibi ya gama.

Idan samfurin daga jikin mutum ne, takardar neman yarda da za a kai wa kwamitin ɗa'ar bincike ta faɗi a sarari cewa za a iya saka bayanan a rumbun da wasu masu bincike za su gani bayan an cire duk abin da zai nuna mai su. A fassara wannan jimlar zuwa Hausar da mai sayar da kayan miya zai gane, a karanta wa wanda bai iya karatun boko ba. Wanda ya manta da wannan sharaɗi tun farko zai tarar cewa ba shi da hurumin raba komai, kuma komawa neman mutum 200 da suka zo asibiti bara domin su sake sa hannu abu ne da ba ya yiwuwa.

Lambar samfur da bayanan da ke raka ta

Duk tsarin ya rataya ne a kan lamba ɗaya da za ta bi samfur daga wurin ɗauka har zuwa rumbun intanet. A ƙirƙiro ta kafin a fita, a buga ko a rubuta ta a kan kwalabe tun a ɗakin gwaji. Lamba irin KD25-RJ-014 ta wadatar: Kaduna, shekarar 2025, rijiya, samfur na 14. Idan aka ware ƙwayoyi biyu daga samfurin, su zama KD25-RJ-014-A da KD25-RJ-014-B, yadda ko bayan shekara goma za a san uwarsu ɗaya. Kada lambar ta ƙunshi sunan majiyyaci, ko lambar katinsa ta asibiti, ko sakamakon gwaji. Kada kuma a sake amfani da lambar samfurin da ya lalace. Sunaye irin "Samfur A" ko "S1" su ne suka fi kowane abu ɓata aiki, domin a firiza ɗaya za a iya samun S1 guda shida na ɗalibai shida.

Duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar firiza ya san yadda abin yake: akwatin kwali da ya jiƙe ya saki, da ƙananan kwalabe da ƙanƙara ta lulluɓe, a goge da yatsa a tarar tawadar alƙalamin maka ta narke ta zama shuɗin tabo, ba a iya bambanta 1 da 7. Ƙwayar da ke ciki tana iya kasancewa da rai, amma tunda ba a san daga ina ta fito ba, amfaninta ya ƙare. Saboda haka a yi amfani da alƙalamin da barasar gwaji ba ta gogewa, a rubuta lambar a jikin kwalbar da kuma kan murfinta, a zana taswirar kowane akwati a takarda da kuma kwamfuta, mai nuna abin da ke kowane gurbi.

Sai bayanan rakiya, wato bayanan da ke faɗin mene ne samfurin, daga ina, yaushe, kuma ta wace hanya aka same shi. Mafi ƙarancin abin da za a rubuta shi ne ranar ɗauka da lokaci, da wurin ɗauka, da irin samfurin, da wanda ya ɗauka, da yadda aka yi jigilarsa, da lokacin da aka fara aikinsa a ɗakin gwaji. Wannan na ƙarshe ana yawan raina shi, alhali ruwan da aka ɗebo da safe a Rigasa, ya wuni cikin zafin watan Afrilu ba ƙanƙara kafin a shuka shi da la'asar, ba zai ba da adadin ƙwayoyi ɗaya da wanda aka shuka cikin awa biyu ba. A ƙara da yanayin lokacin, damina ce ko rani, da ko an yi ruwan sama kwanan nan, da ko rijiyar tana da murfi, da tazararta da masai. Ga samfurin asibiti kuwa, a rubuta shekaru da jinsi, da ko majiyyacin yana kwance ne ko zuwa ya yi ya koma, da ko ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a ɗauka, abin da a garinmu, inda ake sayen irin waɗannan magunguna a kemis ba takardar likita, ba ƙaramin tasiri yake yi ga sakamako ba.

Sunan wuri yana bukatar kulawa ta musamman. "Tudun Wada" kaɗai ba adireshi ba ne, domin akwai ta a cikin garin Kaduna, akwai ta a Zariya, akwai kuma ƙaramar hukuma mai wannan suna a jihar Kano. A ware wa jiha gurbinta, da ƙaramar hukuma, da mazaɓa ko unguwa, sannan a ɗauki ma'aunin wurin da wayar hannu a rubuta shi da lambobin goma-goma, kamar 10.52 N 7.44 E. Manhajoji irin KoboToolbox da ODK suna aiki ko babu intanet, suna ɗaukar wuri da lokaci da kansu, kuma suna hana a tsallake tambaya. Kwanan wata kuwa a rubuta shi da tsarin shekara, wata, rana, wato 2025-04-03, domin 03/04/2025 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a wurin Ba'amurke kuma 4 ga Maris.

A rubuta abin da aka auna, ba hukuncin kaɗai ba

A nan ne na fi ganin ana asarar bayanai masu daraja, musamman a gwajin bijirewar ƙwayoyin cuta ga magunguna. Mai gwaji ya fito da farantin Mueller-Hinton, wanda ake shuka ƙwaya a kai domin wannan gwaji, daga na'urar ɗumama, ya kifa shi, ya ɗora rula ta bayansa, ya auna faɗin da'irar da ƙwayar ta kasa tsirowa a kewayen faifan magani, ya ga milimita 21, ya duba jadawali ya rubuta S, ma'ana magani yana kama ta. Harafin ya shiga littafi, lambar 21 kuwa ba a rubuta ta ko'ina ba. To, a ƙa'idar kafin 2019 ta CLSI, cibiyar Amurka mai tsara ma'aunan irin wannan gwaji, milimita 21 a kan faifan ciprofloxacin mai maikirogiram 5 ga ƙwaya irin Escherichia coli tana nufin magani yana aiki. A bugun 2019 aka sauya iyakar: sai an kai milimita 26 ake cewa yana aiki, 21 zuwa ƙasa kuma bijirewa ce. Faranti ɗaya, awo ɗaya, amma hukunci biyu masu karo da juna. Wanda ya ajiye milimita zai iya sake fassara aikinsa da sabuwar ƙa'ida cikin minti goma, ya kuma kwatanta shi da na wani. Wanda ya ajiye haruffa kawai, idan bai ma rubuta bugun da ya bi ba, bayanansa ba za su haɗu da na kowa ba.

Don haka a rubuta faɗin da'ira da milimita, da ƙarfin faifan, da kamfanin da ya yi shi, da lambar rukuninsa da ranar ƙarewar wa'adinsa, da ƙa'idar da aka bi, CLSI ce ko takwararta ta Turai, EUCAST, da shekarar bugunta. A rubuta sakamakon ƙwayoyin tantance inganci, irin su E. coli ATCC 25922 da Staphylococcus aureus ATCC 25923, a rana ɗaya da gwajin, domin su ne shaidar cewa faifan bai mutu a hanya ba. Idan wuta ta ɗauke cikin dare, zafin na'urar ɗumama ya sauka daga digiri 35, a rubuta hakan a gefen sakamakon ranar. Ba abin kunya ba ne, yanayin aikinmu ke nan, kuma mai karatu mai hankali ya fi amincewa da littafin da ya ga irin wannan bayani a ciki.

Muhimmancin wannan ya wuce batun digiri. Babban nazarin da aka buga a mujallar Lancet a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ga magunguna ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma yankin Afirka ta Yamma ne ya fi ko'ina yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Marubutan da kansu sun nuna ƙarancin bayanai daga ƙasashe irin namu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa tsarin sa ido kan wannan bijirewa mai suna GLASS a 2015, hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ce kuma ke tattara na Najeriya. Manhajar WHONET, wadda kyauta ce kuma tana aiki ba intanet, an gina ta ne domin irin wannan aiki: a shigar da milimita, ita ta fassara, ta kuma ja hankali idan sakamakon ya saɓa wa abin da aka sani game da ƙwayar. Duk ɗakin gwajin da ke yin wannan awo a kai a kai ya kamata ya koma kanta.

Haka abin yake a ƙidayar ƙwayoyi. A rubuta adadin gungun ƙwayoyin da aka ƙirga a kowane faranti, da matakin tsarmawa, da yawan ruwan da aka shuka, kafin a rubuta jimillar da lissafi ya bayar. A ɗauki hoton faranti da lambarsa a fili, a ajiye hoton asali, domin WhatsApp yana matse hoto idan ba a matsayin fayil aka tura shi ba. Sunan ƙwaya ma hukunci ne da ke iya sauyawa, shi ya sa ake rubuta hanyar da aka bi aka gane ta da sakamakon kowane gwaji. Masu aiki a kan kindirmo da koko sun ga misali a 2020, lokacin da aka rarraba jinsin Lactobacillus zuwa jinsuna 25, Lactobacillus plantarum ta koma Lactiplantibacillus plantarum, Lactobacillus fermentum kuma ta koma Limosilactobacillus fermentum.

Jadawalin kwamfuta

Ƙa'idar mai sauƙi ce ko da yake ana yawan karya ta: kowane layin kwance samfur ɗaya ko gwaji ɗaya, kowane layin tsaye abu ɗaya, kowane gurbi bayani ɗaya. Ba a haɗe gurabe, ba a sa launi ya zama shi ne bayani, ba a cusa ma'auni cikin gurbin lamba. A rubuta 21 a gurbi, "mm" kuma a kan layin. A bambanta sifiri da abin da ba a gwada ba da abin da ya ɓata, domin gurbin da aka bari fayau ba ya faɗin wanne ne daga ciki. A zaɓi rubutu ɗaya ga kowane abu, kada "E. coli" da "E.coli" da "Ecoli" su zama ƙwayoyi uku a idon kwamfuta.

A yi hattara da Excel, domin yana gyara abin da ba a sa shi ba. Yana mai da 007 ya zama 7, yana ɗaukar 1:10 a matsayin ƙarfe ɗaya da minti goma, yana mai da 2E5 ya zama 200000. Wani nazari na 2016 ya gano irin wannan ɓarna a kusan kashi ɗaya cikin biyar na takardun da suka haɗo da jerin sunayen ƙwayoyin gado a Excel, har ta kai a 2020 aka sauya wa wasu ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna, irin su SEPT2 da MARCH1, saboda manhajar tana mai da su kwanan wata. Maganin shi ne a saita layin lambobin samfur a matsayin rubutu kafin a fara shigarwa, a kuma ajiye kwafi a tsarin CSV mai UTF-8, wanda kowace manhaja ke buɗewa kuma ba ya lalata ƙ da ɗ da ɓ a sunayen garuruwa. Fayil na asali a kulle shi kada a taɓa, duk gyara a yi shi a kwafi, a rubuta abin da aka gyara da dalili. A cikin kowace folda a ajiye ɗan fayil na bayani da ke fassara kan kowane layi da kowace gajeriyar kalma, da sunan aikin, da lambar amincewar kwamitin ɗa'a.

Ajiya

Kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam: wannan ita ce ƙa'idar da aka sani. A aikace, kwafi a kwamfutar aiki, kwafi a faifan ajiya na waje da ke ofishin malami, kwafi kuma a ma'ajiyar intanet. Faifan da ke zaune cikin jaka ɗaya da kwamfuta ba ajiya ba ne, tunda ɓarawon da ya ɗauki jakar ya ɗauke duka biyun. Littafin ɗakin gwaji a rubuta shi da biro, a sa wa shafukansa lamba, a ɗauki hotonsu duk ƙarshen mako. A tsayar da rana, ko da Juma'a ce kafin a tashi masallaci, a kuma riƙa buɗe kwafin lokaci-lokaci a tabbatar yana buɗuwa.

Ƙwayoyin da aka ware su ma bayanai ne, kuma su ne mafi wuyar ajiya a inda wuta ba ta tsayawa. Ajiya ta dogon lokaci ana yin ta ne cikin gilisarol na kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri. Firizar gida mai digiri 20 ƙasa da sifiri, wadda ke narkewa tana sake daskarewa, tana kashe ƙwayoyi sannu a hankali. A liƙa takardar rubuta sanyin firiza a jikin ƙofarta, a kuma raba muhimman ƙwayoyi gida biyu a kai rabi wata cibiya da ke da tsayayyiyar wuta, da rubutacciyar yarjejeniya.

Sirrin mutane

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya da na gado cikin waɗanda ke bukatar kariya ta musamman. Takardar da ke haɗa lambar samfur da sunan majiyyaci ta zauna ita kaɗai a kulle, a hannun mutum ɗaya ko biyu, kuma ba ta shiga imel ko WhatsApp. Amma cire suna kaɗai bai isa ba. Idan jadawali ya ce mace mai shekara 34, daga wani ƙaramin ƙauye, mai tarin fuka da ba ya jin magani, duk ƙauyen ya san ko wace ce. A mai da shekaru rukuni-rukuni, a tsaya a ƙaramar hukuma, a rage ma'aunin wuri zuwa lambobi biyu bayan ɗigo, wanda ya yi daidai da kimanin kilomita ɗaya. Wannan kariya ta shafi mai tsire da mai tallar nono da mai kamfanin ruwan leda, domin gwajin samfur uku na ɗalibi bai kai hujjar da za a kashe wa mutum kasuwa ba. Idan an ga abin da ke barazana ga lafiyar jama'a, hukumar lafiya ko NAFDAC ake kai wa. Idan kuma za a fitar da samfur ƙasar waje domin karanta jerin DNA, ƙa'idar ɗa'ar binciken lafiya ta ƙasa ta tanadi a yi yarjejeniyar miƙa samfur a rubuce, mai faɗin abin da za a yi da shi da abin da ba za a yi ba.

Inda ake sakawa

Ƙa'idojin FAIR da aka wallafa a 2016 sun taƙaita manufar: bayanai su zama masu samuwa idan an nema, masu hanyar isa gare su, masu haɗuwa da na wasu, masu sake amfanuwa. Ba su ce dole kowane bayani ya zama a buɗe ga kowa ba, kuma bayanan majiyyata da yawa sai dai a ba wanda ya nema da izini.

Jerin DNA wurinsa GenBank na Amurka, ko ENA na Turai, ko DDBJ na Japan. Ukun suna musayar abin da aka saka musu kullum, don haka ɗaya ya wadatar, kuma ba a biyan ko kwabo. Ana buɗe rajistar aikin a BioProject, a yi wa kowane samfur rajista a BioSample da bayanan rakiyarsa, sannan a ɗora fayilolin FASTQ, masu ɗauke da jerin da na'ura ta karanta, a rumbun SRA. Rumbunan yanzu suna neman ƙasar da aka ɗauki samfur da ranar ɗauka, a rubuta wurin kamar haka, "Nigeria: Kaduna". Wanda ya aika ƙwayarsa wani kamfani aka karanta masa 16S, wato sashen DNA da ake gane bakteriya da shi, ya nemi a ba shi fayilolin asali masu ƙarewa da .ab1, ya duba su da idonsa, ya yanke farko da ƙarshen da ba su fito da kyau ba kafin ya ɗora. Kada kuma ya ɗauki sunan farko da BLAST, manhajar kwatanta jerin DNA da waɗanda ke rumbu, ya nuna masa ya liƙa wa ƙwayarsa. Jerin 16S ba ya iya raba E. coli da Shigella, haka nan ba ya raba 'yan gidan Bacillus cereus. Idan hujjar ta tsaya a jinsi, a rubuta jinsin a bi shi da "sp.", ma'ana ba a tantance ainihin nau'in ba, domin sunan kuskure da ya shiga rumbu wani ɗalibin zai kwafa, kuskuren ya yi ta haihuwa. Manyan fayiloli a ɗora su da intanet na makaranta ko cikin dare, a kuma kwatanta lambar tantancewa ta MD5 domin a tabbatar fayil bai yanke a hanya ba.

Sauran bayanai, wato jadawalai da hotuna da hanyoyin gwaji, ana iya saka su a Zenodo, wanda cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Turai ke gudanarwa tun 2013. Kyauta ne, yana karɓar har gigabait 50 a kowane kundi, yana kuma ba da lambar DOI da za a riƙa ambaton aikin da ita. A zaɓi lasisin CC BY idan ana son duk mai amfani ya ambaci mai aikin, a kuma buɗe lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, wadda ke da amfani ƙwarai a inda masu suna Musa Ibrahim ko Aisha Muhammad ba su ƙirguwa. Jimlar nan da ake rufe takarda da ita, cewa za a ba da bayanai idan an nema, ba ta cika aiki ba, tunda adireshin imel yana mutuwa kuma mutane suna sauya wurin aiki. Lambar rumbu ce ya kamata ta zauna a wurin.

Akwai tsoron da ke hana mutane rabawa, kuma ba na ganin tsoron banza ne. Mai bincike a nan yana iya shafe shekara yana tara samfur da kuɗinsa, wani mai manyan na'urori a waje ya sauke bayanan ya riga shi bugawa. An kuma ga abin da ya faru a ƙarshen 2021, lokacin da masana a Botswana da Afirka ta Kudu suka sanar da nau'in Omicron na cutar korona cikin gaggawa, sakamakon da ƙasashensu suka samu shi ne hana su tafiye-tafiye. Amma ɓoye bayanai a kwamfuta har su ɓace bai kare kowa ba. GenBank yana ba da lambar rajista ya kuma riƙe jerin a rufe har ranar da mai shi ya zaɓa ko ranar da takarda ta fito, Zenodo ma yana da irin wannan jinkiri, GISAID kuwa yana ɗaure mai amfani da sharaɗin ambaton waɗanda suka samar da bayanan da ƙoƙarin haɗa kai da su. Ranar da rumbu ya rubuta ita ce ma shaidar wanda ya riga. Inda ba a jinkiri shi ne lokacin annoba: sakamakon kwalara ko mashaƙo ko sanƙarau hukumomin lafiya ake fara kai wa nan take, maganar takarda ta biyo baya.

Abin da ya rage yana hannun shugabannin sassa da malamai masu duba aiki. Kafin a sa wa ɗalibi hannu a takardar sallama, ya miƙa folda mai ɗauke da jadawalin asali, da wanda aka gyara, da fayil na bayani, da hotunan littafin gwaji, da fayilolin DNA, da taswirar akwatinsa na firiza, sashe kuma ya riƙe su aƙalla shekara 10 a ƙarƙashin kulawar ma'aikaci guda da aka ɗora wa alhakin. Ma'aikatan ɗakin gwaji, waɗanda sukan fi kowa daɗewa a sashe kuma su suka san abin da ke cikin kowace firiza, su ne suka fi dacewa da wannan amana, kuma ya kamata sunansu ya fito a aikin da suka taimaka aka yi. Hanyar gwada foldar ita ce a ba wani ɗalibi da bai san aikin ba, a ce ya sake fitar da jadawali ɗaya na cikin kundin ba tare da ya tambayi mai shi komai ba. Duk inda ya tsaya yana neman ƙarin bayani, a rubuta amsar a cikin fayil na bayani, sannan a sa hannu.